Amanar Hurumi: Nasiha daga Abin da Ya Rage na Jigawar Landan

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya sanya wa kowane yanki nata irin tsiron da ya dace da shi, na fadama daban, na tudu daban. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Ni ba malami ba ne. Injiniya ne, ɗalibi a gaban malamai. Abin da na kawo tunatarwa ce ga kaina da ku, a kan wata amana da ke kusa da gidajenmu a nan Landan, wadda muke amfana da ita, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa sa hannu wajen kiyaye ta.

Mafi yawanmu ta filin jirgin saman Heathrow muka shigo ƙasar nan. Sunan na wani ɗan ƙauye ne da aka rushe a 1944 domin gina filin, kuma ma'anarsa jerin gidaje a bakin jigawa. Irin wannan fili Turawa ke kira heath: buɗaɗɗen wuri mai yashi da tsakuwa, ƙasarsa mai tsami, marar ƙarfi, wadda hatsi ba ya yi a cikinta. Abin da ke fitowa gajerun tsirrai ne. Akwai heda, wadda ba ta cika wuce gwiwa ba, take rufe fili da fure shunayya a watan Agusta, akwai kuma wata ƙaya mai furen ruwan ɗorawa. Wanda ya san saurar da sabara da kalgo suka mamaye a arewacin Katsina ko ƙasar Maraɗi zai gane yanayin, ko da yake tsirran sun bambanta. Don haka a wannan rubutu zan kira shi jigawa.

Jigawar Hounslow, a yammacin Landan, ta taɓa wuce eka 4,000. Saboda faɗinta da shimfiɗarta ne Janar William Roy ya zaɓe ta a 1784, ya auna miƙaƙƙen layi na mil 5 da 'yan kai a kanta da sandunan gilashi, kuma a kan wannan layi aka ɗora awon da ya haifar da hukumar taswirar Birtaniya a 1791. Daga kanta ne kuma jiragen fasinja suka fara zirga-zirgar kullum zuwa Faris a watan Agustan 1919. Yau abin da ya rage bai wuce eka 200 ba. Saura ya zama gonaki, gonaki suka zama gidaje, hanyoyi da titin saukar jirgi. Haka labarin yake a ƙasar baki ɗaya: fiye da kashi 80 cikin 100 na irin wannan jigawa ya ɓace tun daga 1800, alhali abin da ya rage a Birtaniya ya kai wajen kashi 20 cikin 100 na irinsa a duniya.

Wata Asabar cikin hunturu na fita shan iska a can bayan mako mai nauyi a wurin aiki. Na tarar da mutane kamar goma sha biyu, yawancinsu dattawa, da zarto da manyan almakasai, suna sare ƙananan bishiyoyi masu farin ɓawo suna tarawa gefe. Raina ya ɓaci. Mu da muka taso muna ganin hamada tana cin gonaki, muka girma da jin falalar dasa itace, yaya za a yi mu ga ana sare bishiya a wurin da aka ce an keɓe shi domin kiyaye halittu, mu yi shiru? Na matsa kusa da wata dattijuwa, na gaishe ta, na tambaye ta cikin ladabi dalilin wannan aiki. Ta ajiye zartonta, ta nuna mini ƙarƙashin wata bishiyar da ta riga ta girma. Babu heda ko ɗaya a wurin, sai ruɓaɓɓen ganye. Sannan ta nuna mini inda suka share shekarun baya, ga ƙananan heda sun fito kamar an yi yayyafi. Gani ya kori ji.

Ga yadda al'amarin yake. Jigawar nan ba ta wanzu ita kaɗai ba. Fiye da shekara 3,000 da suka wuce mutane suka share dazuzzuka a kan wannan yashi, suka saki dabbobinsu. Tun daga lokacin, kiwo da yankan ƙaya domin hura tanderun burodi da ɗibar makamashi su ne suka hana daji dawowa. Talakawan da ke da haƙƙin kiwo a filin gari su ne masu kiyaye shi, ba tare da sun kira abin da suke yi da wani suna ba. Da kiwo ya tsaya, sai iska ta riƙa kawo irin bishiyoyi. Bishiya ta girma ta yi inuwa, heda kuwa ba ta rayuwa a inuwa. Ganye ya zuba ya ruɓe ya zama taki, ƙasar ta yi ƙarfi, ciyawa da sarƙaƙiya suka rinjayi tsirran da Allah Ya hore wa rayuwa a ƙasa marar ƙarfi. Hayaƙin motoci yana ƙara sauke sinadarin naitirojin, kashin karnuka yana ƙara taki. Cikin 'yan shekarun da ba su wuce rayuwar mutum ɗaya ba, jigawa takan zama kurmi, kuma halittun da ke buƙatar rana da yashi su rasa wurin zama: ƙadangaru, ƙudan zuman da ke haƙa rami a ƙasa, tsuntsayen da ke yin sheƙa a ƙasa, da macijin nan ɗan'uwan kububuwa wanda shi kaɗai ne mai dafi a Birtaniya.

Aikin da tumaki da shanu suka bari, shi masu aikin sa-kai suke yi da hannu. Suna tumɓuke ƙananan bishiyoyi, suna kankare saman ƙasa domin a kai ga yashi, suna baza yankakkiyar heda mai ɗauke da iri. Suna yin saran ne a kaka da hunturu, domin daga Maris zuwa Agusta tsuntsaye suna kan ƙwai, kuma dokar ƙasar ta 1981 ta haramta lalata sheƙar da ake amfani da ita. Ba a biyansu ko kwabo. A Hausance wannan aikin gayya ne, sai dai babu mai gona da zai dafa musu fura.

Ya 'yan'uwa, a nan akwai darasin fiƙihu. Gaskiya ne Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas, Allah Ya yarda da shi, cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, an rubuta masa sadaka. Gaskiya ne kuma Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗi mai tsanani ga mai sare magarya. Amma shi Abu Dawuda da kansa ya bayyana cewa ana nufin wanda ya sare magaryar da matafiya da dabbobi ke fakewa a inuwarta a daji, don wasa da zalunci, ba tare da wani haƙƙi ba. Ashe abin da Shari'a ke dubawa shi ne gyara da ɓarna. A Suratul A'arafi, aya ta 56, Allah Ya hana mu ɓarna a ƙasa bayan an gyara ta. A Suratul Hijri, aya ta 19, Ya ba mu labarin cewa abin da Ya tsirar a cikinta a kan awo yake. A farkon Suratur Rahman Ya ambaci ma'aunin da Ya kafa, Ya gargaɗe mu kada mu ƙetare shi ko mu tauye shi. A Gumel ko Illela, kiyaye wannan awo yana nufin dasa itace da barin kututture ya sake toho. A jigawar Hounslow yana nufin cire itacen da ya fito inda zai kashe wasu halittu. Niyya ɗaya ce, aikin ne ya bambanta, kuma ilimin wurin shi ke nuna wanne ya dace. Na je da hadisi sahihi a bakina, amma da na yi hukunci da shi ba tare da tambayar masu sanin wurin ba, da na zargi masu gyara da ɓarna.

Keɓe fili domin amfanin jama'a kuwa ba baƙon abu ba ne a addininmu. Larabawa suna kiransa hima. A zamanin jahiliyya, kamar yadda Imam Shafi'i ya bayyana, shugaban ƙabila yakan sauka a wuri mai ciyawa, ya sa karensa ya yi haushi, duk inda muryar ta kai ya zama nasa shi kaɗai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya soke wannan, ya mayar da ikon keɓewa ga Allah da ManzonSa, wato ga maslahar al'umma. Ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina domin dawakin Musulmi. Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, kuma Imam Malik a cikin Muwaɗɗa da Bukhari sun kawo wasiyyar da ya yi wa Hunayyu, wanda ya ɗora a kan aikin hima. Ya umarce shi ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tsare garken Ibn Aufi da na Ibn Affan, domin su idan dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, shi kuwa talaka zai zo da 'ya'yansa yana kuka. Ku lura da abu biyu: an keɓe filin domin marar ƙarfi, kuma an naɗa mutum ya tsaya a kansa. Hima ba ta tsayuwa da shela kawai.

A ƙasar Hausa mun gaji wannan da sunan hurumi, tare da makiyaya da burtali. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi a kan hukuncin mallakar ƙasa, Ta'alimur Radi, kuma Jihar Arewa ta yi dokar wuraren kiwo a 1965. Kowa a cikinmu ya san abin da ya biyo baya a wurare da yawa. An ci burtali taku bayan taku, an raba makiyaya, hurumin gari ya zama filoti, har rikicin manoma da makiyaya ya kai inda ya kai. Dokar tana nan a takarda. Abin da aka rasa shi ne masu tsayuwa a kanta kullum.

Landan ma ta kusa rasa nata. A Hampstead, mai ƙasar, Sir Thomas Maryon Wilson, ya shafe shekara 40, daga 1829 har rasuwarsa a 1869, yana neman izinin gini, mazauna wurin suna hana shi. A Wimbledon, Earl Spencer ya kai ƙudiri majalisa a 1864 domin ya katange filin ya sayar da wani sashe. Jama'a suka tashi, aka kafa ƙungiyar kare filayen gari a 1865, kuma a 1871 majalisa ta yi dokokin da suka kare wuraren biyu. Filayen Wimbledon da Putney, eka 1,140, har yau amintattu takwas ne ke riƙe da su, biyar daga ciki maƙwabtan filin ne ke zaɓarsu, kuma su maƙwabtan ke biyan wani ɗan haraji na musamman domin kula da shi. Kusan rabin jigawar da ta rage a Landan a can take. Amma dokar 1871 bulo da siminti kawai ta hana. Ba ta hana iri ya faɗi ya tsiro ba. A Hampstead, duk da sunan, ainihin jigawar kaɗan ce ƙwarai ta rage. Shi ya sa ƙungiyar masu aikin sa-kai ta Heath Hands, wadda aka kafa a 1999, da takwarorinta a Wimbledon da Hounslow da sauran wurare suke fita mako bayan mako.

Wataƙila wani zai ce, mu baƙi ne, baƙo kuwa raɓa ne, ladanmu yana can gida inda muke haƙa rijiya da gina masallaci. Allah Ya karɓi waɗannan ayyuka, kada mu fasa. Amma raɓar da ta shekara goma sha biyar, ta haifi 'ya'ya, ta karɓi takardar zama, ya kamata ta sake duba sunanta. Ƙasa ta Allah ce duk inda take. A Suratu Hudu, aya ta 61, Annabi Salihu ya tunatar da mutanensa cewa Allah ne Ya halicce su daga ƙasa, Ya zaunar da su domin su raya ta. Hadisin shuka bai gindaya sharaɗin cewa gonar ta kasance a garin haihuwarka ba. Haɗa hannu da waɗanda ba Musulmi ba a kan alheri kuwa, Suratul Ma'ida, aya ta 2, ta umarce mu da taimakon juna a kan nagarta, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi yarjejeniyar Hilful Fuduli da aka ƙulla a Makka kafin aiko shi, ya nuna cewa da za a kira shi zuwa irinta a Musulunci zai amsa.

Akwai ma wani baƙon da ya riga mu sanin hanya. Wani ɗan tsuntsu ne mai farin maƙogwaro, nauyinsa wajen giram 15, wanda ke isowa Ingila a watan Afrilu ya yi sheƙa a cikin ƙayoyi da sarƙaƙiyar gefen irin waɗannan filaye. Idan kaka ta yi, sai ya ƙetare teku da Sahara ya sauka a yankin Sahel, har da arewacin Nijeriya da kewayen tafkin Chadi. A 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a nan suka ga fiye da rabinsu ba su dawo ba, kuma bincike ya danganta hakan da farin da ya fara a Sahel a 1968, farin da iyayenmu da kakanninmu suka sha wahalarsa a shekarun da suka biyo baya. Suratul An'ami, aya ta 38, ta sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu. Wannan al'umma tana da gida biyu kamar yadda muke da su, kuma tana buƙatar duka biyun su zauna lafiya. Wanda ya gyara mata masauki a Landan ya yi wa maƙwabcinsa na can gida hidima.

Sai mu dubi kanmu da adalci. Muna zuwa waɗannan filaye. Muna kai yara ranar Sallah, muna shimfiɗa tabarma, muna gasa nama. A wasu lokuta mukan tashi mu bar leda da kwalabe, wani ma ya juye garwashi a kan busasshiyar ciyawa. Ranar 19 ga Yulin 2022 zafi ya kai digiri 40.2 a Heathrow, gobarar ciyawa ta tashi a sassa da dama na birnin, gidaje suka ƙone a ƙauyen Wennington. Heda da ƙaya idan sun bushe kamar fetur suke, kuma wutar bazara takan cinye ƙwai da ƙadangaru da aikin shekaru cikin awa guda. Kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani, kamar yadda Muslim ya ruwaito. To mene ne matsayin wanda ya ajiye shi? A ranakun da na fita aikin gayyar nan tun daga waccan Asabar, sau da yawa ni kaɗai ne Musulmi a wurin, a birnin da Musulmi suka haura miliyan ɗaya. Dattawan da ke riƙe da zarto suna tsufa, kuma suna tambayar wa zai karɓa.

Ya bayin Allah, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, Allah Ya yarda da su, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. A cikinsa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwatanta mai kusantar shubuha da makiyayin da ke kiwo a gefen hima, wanda ya kusa ya faɗa ciki, ya bayyana cewa himar Allah ita ce abubuwan da Ya haramta, sannan ya rufe da zancen tsokar nan da idan ta gyaru jiki ya gyaru, idan ta ɓaci ya ɓaci, wato zuciya. Da nake durƙushe ina tumɓuke 'yan bishiyoyin da ba su kai yatsa kauri ba, na ga yadda zuciya ke lalacewa a wannan ƙasa. Yawancinmu ba wani babban saɓo ne ke faɗo mana rana ɗaya ba. Sallar Asuba ce ke zamewa saboda aikin dare, karatun Alƙur'ani ya koma na Ramadan kawai, kiran mahaifiya ya koma wata-wata. Kowanne ƙaramin iri ne da iska ta kawo. Ɗan tsiron shekara ɗaya da hannu ake cire shi, na shekara goma sai da zarto da mutum uku, kuma kututturen yakan sake toho. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi ya sa Uwar Muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Ga abin da nake roƙo. Na san da yawa cikinmu suna aikin dare, suna kula da marasa lafiya, suna tuƙi har Asuba, kuma Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Amma wanda yake da hali, ya nemi filin da ke kusa da shi, ko Hounslow, ko Wimbledon, ko Hampstead, ko Stanmore a arewa, ko Keston da tudun Addington a kudu, ya tambayi masu kula da shi ranar aikin sa-kai, ya ba da safiya ɗaya a wata tsakanin Oktoba da Fabrairu. Ba a buƙatar ƙwarewa. Yawanci su ke ba da kayan aiki, kai dai ka zo da takalmi mai ƙarfi da rigar ruwa. Idan Azahar ta riske ka, an sanya mana ƙasa duka masallaci. Mata da matasa suna da wuri a ciki, ko a saran, ko a ƙidayar tsuntsaye da malam-buɗe-littafi a bazara, ko a kwashe shara. Mu je mu biyu ko uku, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu kai yaranmu su ga iyayensu suna yi wa ƙasa hidima ba don albashi ba. Wanda bai samu iko ba, ya kiyaye wuta, ya bi hanyar da aka shata lokacin ƙwai, ya tafi da shararsa.

Imam Ahmad ya ruwaito daga Anas cewa ko da Alƙiyama za ta tsaya alhali ɗayanmu yana riƙe da dashen dabino, idan zai iya dasa shi kafin ta tsaya, to ya dasa. Wanda aka umarta da haka ba shi da uzurin cewa ba zai daɗe a Landan ba.

Ya Allah, Ka sanya mu cikin masu gyara, Ka tsare mu daga zama masu ɓarna. Ka gyara zukatanmu, Ka shiryi zuriyarmu a wannan ƙasa. Ka saka wa duk mai hidima ga halittunKa, Ka shiryar da mu da su zuwa ga abin da Kake so. Ka saukar da damina mai albarka da zaman lafiya a ƙasashenmu, Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa. Allah ne Mafi sani.